Jirgin feshi mai fiffike hawa biyu da tsofaffin manoman Amurka ke kewa

Wani ɗanmu da ke karatu a jihar Akansas ta Amurka ne ya turo mini tambaya, ya ce: "Kawu, tsohon da nake haya a gidansa manomi ne da ya ajiye aiki, ya rataye hoton wani tsohon jirgi mai fiffike sama da ƙasa a falonsa, in ya fara ba ni labarinsa har idonsa kawo ruwa yake. Na duba na ga ashe jirgin feshin maganin ƙwari ne kawai. Me ke cikin jirgin feshi da har za a yi masa hawaye? In kuma yana da kyau haka, me ya sa aka daina aiki da shi?"

Toh ɗana, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni injiniyancin noma na karanta a kudancin Amurka a farkon shekarun 1980, kuma hutu biyu na yi ina leburanci a wani ɗan filin jirgin feshi na ƙauye, ina haɗa magani ina ɗura wa jirgi, ran da yaron tuta, wato mai nuna wa matuƙi layin da zai fesa, bai zo ba kuma ni ake turawa gona in riƙe tutar. Da na dawo gida ma a sashen kare amfanin gona na ƙare aikina. Saboda haka jirgin nan na taɓa shi da hannuna, na shaƙi warinsa, ya kuma taɓa yi mini wanka da guba, zan zo kan wannan.

Da farko mu gyara suna, don in ka ce wa Bahaushe jirgi mai fiffike biyu zai ce maka ai kowane jirgi biyu gare shi, hagu da dama. Wannan hawa biyu ne, kamar bene, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, an haɗa su da sanduna da wayoyi. Kuma tun yanzu in gaya maka, jirgin bai fi na yanzu kyau ba ta kowace fuska da za a iya aunawa. Bai fi sauri ba, bai fi ɗaukar kaya ba, bai fi aminci ba, kai matuƙan da suka tuƙa shi suka tsira da ransu in ka ce su koma kansa su yi aikin damina guda wallahi dariya za su yi maka. Amma duk da haka tsohonka ba shirme yake ba.

Abin ya faro ne ranar 3 ga Agusta 1921 kusa da garin Troy a jihar Ohayo. Wata tsutsa ce ta addabi wani ɗan dajin itatuwa mai eka 6 da aka shuka don yin turaku, sai aka aro jirgin soja samfurin Curtiss Jenny daga sansanin McCook da ke Dayton, wani hafsa John Macready ya tuƙa, injiniyan da ya ƙera akwatin hodar, Etienne Dormoy, ya zauna a ɗayar kujerar yana juya marikin akwatin da hannu kamar mai markaɗe, hodar gubar na zuba. Duka lokacin da aka yi ana baɗa hodar bai cika minti guda ba in ka haɗa, kuma kusan dukkan tsutsar ta mutu. Aikin da mutane za su yi kwanaki suna yi da famfo.

Amma auduga ce ta mayar da abin sana'a. Akwai wani ƙwaro mai dogon baki da ke huda ƙwallon auduga ya yi ƙwai a ciki, ya tsallako daga Meksiko zuwa Teksas wajen 1892, ya dinga cin gaba shekara bayan shekara har ya gama da kudancin ƙasar kaf, ya talauta garuruwa. (Akwai wani gari Enterprise a Alabama da suka gina wa ƙwaron nan mutum-mutumi a 1919, wai godiya suke masa don ya tilasta musu barin auduga suka koma gyaɗa suka yi arziki. In ka samu hanya ka je ka gani, abin dariya abin tausayi.) A 1922 wani masanin ƙwari na gwamnati, Bert Coad, ya fara gwada jiragen soja a gonakin auduga na Tallulah a Luwiziyana, daga nan wani kamfanin ƙera jirage, Huff-Daland, ya ƙera jirgi takanas don wannan aiki, ya kafa reshen feshi da ya fara a Macon ta Jojiya ya koma Monroe ta Luwiziyana a 1925, da jirage 18, wanda a lokacin babu wani kamfani mai zaman kansa da ke da yawan jirage haka a duniya. In damina ta wuce a Amurka sai su loda jiragen a jirgin ruwa su tafi Peru su yi feshin auduga can, tunda lokacin sanyinsu shine lokacin noman can, ci-rani kenan sak. Wani tsohon malamin gona a cikinsu, C. E. Woolman, shi ya jagoranci sayen kamfanin a 1928 aka sa masa suna Delta, a 1929 suka fara ɗaukar fasinja. Eh, Delta ɗin nan da ke sauka Legas da Akara, asalinta feshin auduga ne, kuma ba su rufe sashen feshin ba sai 1966.

Sai dai hoton da ke falon tsohonka ina kyautata zaton Stearman ne, ko kuma Ag Cat. Ka duba, in mazaunin matuƙin a buɗe yake ba rufi, jikin jirgin siriri, to Stearman ne.

Shi Stearman ba don noma aka yi shi ba sam. Jirgin koyon tuƙi ne na sojan Amurka a yaƙin duniya na biyu, an ƙera sama da 8,000 a Wichita ta Kansas, fukafukansa katako ne aka lulluɓe da yadi aka shafe da wani irin fenti da ke ɗame shi kamar fatar ganga, gangar jikin kuma bututun ƙarfe ne da walda. An gina shi da ƙarfi fiye da kima saboda 'yan koyo ne za su dinga buga shi da ƙasa. Da yaƙi ya ƙare a 1945 sai gwamnati ta yi gwanjonsu, 'yan ɗaruruwan daloli ka mallaki jirgi, wani bai kai kuɗin mota ba. A daidai lokacin kuma ga dubban samari sun dawo daga yaƙi sun iya tuƙin jirgi ba aikin yi, kuma ga sababbin magunguna irin su DDT sun shigo kasuwa da arha. Kaga abu uku sun haɗu a lokaci guda. Sai yaro ya sayi Stearman, ya cire kujerar gaba ya dasa tanki ko akwatin hoda a wurin, ya ga injinsa na asali mai ƙarfin doki 220 ba zai iya da lodi ba, ya je ya sayi wani jirgin gwanjon, BT-13, ba don komai ba sai don ya kwance injinsa na Pratt & Whitney mai ƙarfin doki 450 ya ɗaura wa Stearman, gangar BT-13 ɗin a watsar a bayan rumfa ciyawa ta cinye. Haka sana'ar ta bazu, kusan duk garin auduga ko shinkafa akwai mutum guda da jirgi ɗaya ko biyu da ɗan fili na ciyawa da rumfar kwano, matarsa ce akawu ita ke ɗaukar waya, ƙaninsa ne bakanike.

Nan ne fa zancen kewar ya fara. Matuƙin jirgin nan ba baƙo ba ne, ɗan garin ne, tare suke zuwa coci, tare 'ya'yansu ke makaranta, ana binsa bashi yana bin mutane bashi sai an sayar da auduga a biya shi. In tsutsa ta faɗa wa gonarka da yamma ka buga masa waya ko ka je har gida, gobe da asuba kana kwance za ka ji shi. Kuma da asuba ake yi, saboda lokacin iska a kwance take, raɓa kuma na kan ganye hodar za ta manne. To ka ɗauki yaro ɗan shekara takwas a ƙauyen da ba abin da ke faruwa, shekara ta zo ta wuce ba sabon abu, sai ga jirgi mai ruwan ɗorawa ya taso daga bayan itatuwa ya sauko har tayarsa na kusan shafar kan auduga, ya wuce ta gaban gidanku kusa ƙwarai har kana ganin fuskar mutumin da tabaransa, ya ɗaga maka hannu, ya kai ƙarshen gona ya miƙe tsaye kamar zai hau bango ya karkata ya juyo. Yaron nan shine tsohon da kake haya a gidansa.

Sannan ƙarar. Wannan kam sai wanda ya ji. Injin irin mai silinda a zagaye ne, silinda tara sun kewaye kamar ƙafafun keke, ba ya kuka irin na mota, wata irin gurnani yake mai kauri da kake ji a ƙirjinka kafin kunnenka, in matuƙi ya ba shi wuta a juyi kuma bakin farfela na kusan kai saurin sauti sai ka ji wata tsawa kamar ana yage sabon yadi. Mutanen ƙauye suna gane jirgin wane ne daga ƙara kawai, kamar yadda da can a garuruwanmu ake gane motar wane ce ta shigo tasha tun ba a gan ta ba. Na yanzu injin tabain gare su, dangin injin manyan jiragen fasinja, shewa kawai suke, fiii, sun wuce.

Injin nan kuma ƙazami ne na ƙarshe, kullum cikin ɗigar da baƙin mai yake, bakanikenmu kan ce ran da ka ga ya daina ɗiga to mai ne ya ƙare. In ya kwana, mai kan tsiyaye ya taru a silindodin ƙasa, dole da safe a kama farfela da hannu a juya ta a hankali sau da yawa a tabbatar ba ta cije ba, in ka yi gaggawa ka tayar da shi da mai cike a silinda to ka lanƙwasa sandar fistin, aikin ranar ya tashi, wataƙila ma na watan. Aikina na farko kenan kullum kafin gari ya waye. Amma kuma duk abin da ya lalace a jirgin nan ana gyara shi a rumfar nan, yadi ya yage a ɗinke a shafa fenti, bututu ya karye a yi walda. Ka tuna yadda tsofaffin direbobinmu ke zancen Fijo 504, wai ko a dajin Allah ta tsaya da sifana da filaya za ka tashe ta, to irin wannan son ne.

Me ya sa hawa biyu? Saboda aikin yana son jirgi mai ɗaukar nauyi yana tafiya a hankali, ya tashi a gajeren fili, ya juya a matsattsen wuri. Fiffike hawa biyu na ba ka faɗin fiffike mai yawa ba tare da tsawo ba, na Stearman bai cika mita 10 daga baki zuwa baki ba, ga shi sandunan da wayoyin sun ɗaure shi tam kamar akwati. Illarsa iska na riƙe shi, ba ya gudu, amma a gonar eka 30 ko 40 da itatuwa suka kewaye ta, ga falwaya ga wayar lantarki a gefe, gudu ba shi da amfani, wanda zai juyo da wuri shi ke gama aiki. Shi ya sa ko da kamfanin Grumman, masu ƙera wa sojan ruwa jiragen yaƙi, suka tashi yin jirgin noma tun daga tushe, hawa biyun suka yi, shine Ag Cat, ya fara tashi a 1957, kamfanin Schweizer na Elmira a jihar Niyok ya dinga ƙera shi, an yi sama da 2,000. Wannan shi na fi sani don shi muke da shi guda biyu, Stearman ɗaya ne ya rage mana a lokacin, ana fito da shi in aiki ya yi yawa. Ag Cat ya yi suna wajen tsare ran matuƙi, mutane da yawa sun faɗi da shi sun fito da ƙafarsu suna kakkaɓe riga. Kuma a nan jiharku ta Akansas da Luwiziyana har yanzu za ka iya cin karo da shi a gonakin shinkafa, don su shinkafa da jirgi suke watsa mata taki, wasu wuraren ma da jirgi ake shuka ta a cikin ruwa, wasu an cire musu tsohon inji an sa tabain. In ka fita wajen Stuttgart a watan Mayu ko Yuni ka dinga ɗaga kai.

Yanzu ɗaya gefen, wanda ba ya cikin hoton falo.

Kafin zuwan GPS matuƙi ba shi da yadda zai san layin da ya fesa da wanda bai fesa ba, sai an tsayar da mutum a bakin gona da tuta, jirgi ya saito shi ya nufo shi gadan-gadan, in ya matso sai mai tuta ya ƙirga taku ya matsa zuwa layi na gaba. Ƙa'ida ita ce a fara daga gefen da iska ke kaɗawa zuwa, a dinga matsawa ana fuskantar iskar, don feshin ya tafi bayanka. Ƙa'ida kenan. Amma iska ba ta san ƙa'ida ba, wata safiya ina tsaye a bakin wata gonar auduga iska ta juya ba labari, matuƙin kuma ya makara wajen rufe famfo, na ji abu kamar yayyafi a wuyana da hannuwana. Kafin azahar kaina kamar zai tsage, gumi, yawu na ta taruwa a bakina, ido ya ƙanƙance ina ganin dishi-dishi, sai asibiti aka yi mini allurar atrofin. Maigidan ya biya kuɗin, ya ce gobe in huta jibi in dawo, shi a wurinsa ba wani abu ba ne don shi ma ya sha yi. Maganin dangin faratiyon ne, kuma wannan dangin asalinsu ɗaya da gubar yaƙi mai kama jijiya. Yawancin masu riƙe tutar nan kuwa yara ne 'yan sakandare masu neman kuɗin hutu, ko lebura baƙar fata, ko 'yan Meksiko.

Kaga kenan kewar ta danganta da inda mutum ya tsaya lokacin da jirgin ke wucewa. Wanda ke kan barandar gidan mai gona abin kallo ya gani. Iyalan baƙar fata masu noman kashi-mu-raba da gidajensu na katako ke tsakiyar gonar audugar, ba shinge ba tazara, su a kan rufinsu da shanyarsu da rijiyarsu da ɗan lambun bayan gida abin ke sauka. Ban cika jin jikokinsu na rataye hoton jirgin a falo ba. A Kalifoniya shugaban leburorin gona César Chávez sai da ya yi azumin kwana 36 a 1988 a kan maganin da ake fesa wa inabi. Kifi ya mutu a rafuka, zumar masu kiwon zuma ta ƙare, maganin ciyawa na 2,4-D da aka fesa wa shinkafar wani iska ta kwashe ta kai audugar maƙwabci ta murɗe ganyen, aka yi ta shari'a tsakanin mutanen da da tare suke cin abinci. Littafin da wata masaniyar kimiyya Rachel Carson ta fitar a 1962 kan illar magungunan ƙwari shi ya juya tunanin jama'a, a 1972 aka hana DDT a gonakin Amurka.

Su kansu matuƙan kuwa sun mutu ba kaɗan ba. Waya ce babbar abokiyar gaba, ba a ganinta sai an zo kanta, wani lokaci ma ta ƙarƙashinta ake bi don a kai ƙarshen gona. Sai juyi, jirgi da cikakken lodi da zafin rana in ka matsa masa ya juyo da wuri fiffike kan saki iska, kuma a wannan tsayin ba sararin gyara. Masu baɗa hodar farar wuta kuma gobara, tartsatsi ɗaya daga salansa ya isa, ga tankin fetur ɗin Stearman a fiffiken sama yake, gaba da kan mutum kaɗan. Ga shi a buɗe kake zaune kana ratsa hodar da ka zuba a layin baya. Duk tsohon matuƙin da na zauna da shi yana da jerin sunayen abokai da yake ƙirgawa da yatsu. Wannan ma wani ɓangare ne na hawayen, kada ka ɗauka duk daɗi ake tunawa.

Dalilin daina shi kuwa ba ɗaya ba ne amma duk suna komawa ga lissafi. Tun 1950 wani injiniya Fred Weick a jami'ar Texas A&M ya zauna ya tsara jirgin noma da tunanin cewa dole wata rana zai faɗi, to yaya za a yi mutum ya fita da rai: a sa tanki a gaba, matuƙi a baya kuma a sama yana ganin ko'ina, a sa wuƙar yanke waya a ƙafafun taya da gaban gilashi. Daga aikinsa Piper Pawnee ya fito a 1959, fiffike hawa ɗaya a ƙasa. Wani matashi Leland Snow shi ma ya ƙera nasa, ya kafa masana'anta a wani ɗan gari Olney a Teksas, daga zanensa aka samu Thrush, daga baya ya kafa Air Tractor. Sai injin tabain ya shigo a shekarun 1970, ba nauyi, ga ƙarfi, yana shan mai dangin kananzir mai arha, yana daɗewa kafin a buɗe shi, alhali tsohon injin doki 450 an daina ƙera shi tun 1953, sai kwance da gyaran gyara. Yau Air Tractor 802 na ɗaukar galan 800, wajen lita 3,000, Stearman kuwa in ya ɗauki galan 150 zuwa 200 ya yi ƙoƙari. Jirgi ɗaya da mutum ɗaya na yin aikin da jirage biyar ko shida ke yi, a rufe yake da na'urar sanyaya ɗaki, GPS ya shigo a shekarun 1990 ya sallami masu tuta, kwamfuta ke buɗe famfo ta rufe. Kuɗinsa kuma ya haura dala miliyan ɗaya nesa, ba abin da yaro zai saya da kuɗin sallama ba ne. Su na yanzu ma ba sa son a kira su da tsohon sunan na masu baɗa hoda, sun ce su ƙwararrun masu zuba magani ta sama ne, kuma gaskiyarsu, yawancin abin da ake zubawa yanzu ruwa ne ko taki ko iri.

Amma babban dalilin a ƙasa yake ba a sama ba. A 1935 gonaki miliyan 6.8 ne a Amurka, matsakaiciyarsu eka 155, yau wajen miliyan 2 suka rage, matsakaiciya ta haura eka 400, a yankin da kake kuwa gonar eka dubbai ba abin mamaki ba ce. Injin tsinkar auduga ya zo, a 1944 aka noma auduga aka girbe ta da inji zalla a wata gona kusa da Clarksdale ta Misisipi, daga nan leburori suka zama ba a bukatarsu, miliyoyin baƙar fata suka yi arewa, Chicago da Detroit, 'ya'yan fararen ma suka bi birni. Aka tumɓuke itatuwan kan iyaka, aka rushe gidajen katakon, aka haɗe ƙananan gonaki suka zama fili ɗaya iya ganinka. Fili irin wannan jirgi mai gudu yake so. Ƙwaron audugar ma da ya haifar da sana'ar an tasar masa da wani shiri da aka fara a 1978, yanzu sai can kudancin Teksas bakin iyaka ake fama da shi. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ka zaga garin tsohon nan ka ƙirga shagunan da aka rufe da katako, ka tambaye shi makarantar da ya yi tana nan ko an haɗe ta da ta wani gari, 'ya'yansa kuma suna ina. Jirgin ya yi daidai da girman gonar ubansa da girman garinsu a lokacin da garin ke cike da mutane, shi ya sa shi ne ya samu bango.

Ba Amurkawa kaɗai ke wannan ba. Tarayyar Sobiyat ta yi Antonov An-2, ƙaton mai hawa biyu da injin doki 1,000, ya fara tashi a 1947, an ƙera sama da 18,000, akasari a Folan, mutanen ƙauyukan Rasha da Yukren na kiransa kukuruznik, daga kalmarsu ta masara, kamar ka ce ɗan masara, kuma su ma haka tsofaffinsu ke zancensa don shi ne jirgin feshi shi ne motar asibiti shi ne motar kasuwa. A Niyuzilan kuma Tiger Moth na gwanjon yaƙi suka dinga watsa taki da shi a kan tsaunukan kiwon tumaki tun daga 1949. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan da suka yi aikin auduga a Gezira su ma sun san jirgin feshi sarai, kuma su a ƙarƙashinsa suka san shi. Mu nan gida abin da muka fi sani shine jirgin da gwamnati kan ɗauko haya in jan-baki ya sauka wa shinkafa da gero a Kebbi ko Yobe ko fadamar Haɗeja, a bi su da magariba inda suke kwana cikin kacalla, ko kuma in fari sun taso. Waɗannan hawa ɗaya ne, baƙi ne ke tuƙawa, su yi kwana kaɗan su tafi, ba wanda ya san sunansu balle ya yi kewarsu, abin da manomi ke tunawa kawai shine sun zo da wuri ko sun makara.

Shawarata, ran da ya sake ɗauko zancen kada ka tsaya a kan jirgin, ka tambaye shi sunan matuƙin, ka tambaye shi ko ya taɓa riƙe tuta kuma taku nawa yake ƙirgawa, za ka sha labari har dare. In kana son ganin jirgin da tankinsa yadda ya yi aiki, akwai gidan tarihin noma na jihar Misisipi a Jackson, a cikinsa akwai sashen jiragen feshi, ba nisa daga inda kake. In kuma ƙarar kake son ji, duk watan Satumba masu Stearman na taruwa a Galesburg ta jihar Ilinoi, tun 1972 suke yi, jirage da dama a fili ɗaya. Sai dai kusan dukkansu an cire tankin an mayar da kujerar gaba an yi musu fentin soja shuɗi da ruwan ɗorawa, masu kuɗi ne ke yawon shan iska da su, da wuya ka ga wanda aka bari da kamanninsa na gona duk da cewa noman ne ya hana a narkar da su. In tsohon na da ƙarfin zama a mota ka ɗauke shi ku je tare, tafiyar yini ce. Ka je da sassafe lokacin da ake juya farfela da hannu, kuma in za a tayar da injin kada ka tsaya a bayansa da farar shadda.